Wa Zai Kai Almajiri Asibiti?

Duk wanda ya zauna a cikin birnin Kano ko Katsina ko Gusau a shekaru ashirin ɗin da suka shige ya san ayarin nan na mata masu dogayen hijabai, ɗaya rataye da akwatin ƙanƙara, ɗaya riƙe da takarda, suna bin lungu gida-gida. Su yi sallama, su wuce har tsakar gida inda baƙon namiji ba ya isa, su yi tambayar da ba ta canzawa: yara nawa ne 'yan ƙasa da shekara biyar a gidan nan? Kowane yaro a ɗiga masa maganin shan inna a baki, a shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsansa na hagu, sannan a fito a yi wa bango rubutu da alli domin mai duba aiki ya san an zo. Da irin wannan naci aka ga bayan cutar. Rabon Nijeriya da samun yaron da asalin ƙwayar shan inna ta kama tun 2016 a Borno, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Sai dai a unguwanni da yawa, kafin ayarin ya kai tsakar gida sai ya ratsa ta soro, a soron kuwa akwai tabarmi a naɗe, da alluna jingine da bango, da robobin bara, da yara goma ko ashirin waɗanda nan ne makwancinsu. Matan kan amsa gaisuwarsu, wani lokaci ma su tambaye su ko matar gidan na ciki. Ba sa ɗiga musu komai, ba sa rubuta sunansu, kuma babu wanda zai ga laifinsu, domin takardar da aka ba su ba ta da gurbin yaro ɗan shekara tara wanda uwarsa ke wani ƙauye a Jigawa ko Damagaram.

Yadda aka yi takardar ta zama haka yana da tarihi, kuma tarihin ba na mugunta ba ne. A 1978 ƙasashen duniya suka haɗu a Alma-Ata, cikin tsohuwar Tarayyar Sobiyet, suka amince cewa lafiyar talaka ba za ta samu a manyan asibitocin birane ba, sai an kai ta inda yake zaune. Wanda ya ɗauki wannan magana da gaske a Nijeriya shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Ya fara da ƙananan hukumomi 52 a matsayin gwaji a 1986, kuma a 1992 aka kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa. Likitan yara ne, ya kuma san inda mutuwa ta fi yin ɓarna: ƙyanda, da gudawa, da zazzaɓin cizon sauro, da ciwon haƙarƙari, da tamowa, dukkansu a shekaru biyar na farkon rayuwa. Mai kuɗi kaɗan da majinyata masu yawa dole ya fara da inda aka fi mutuwa. Saboda haka aka gina asibitin sha-ka-tafi a kan mace mai ciki da goyonta, aka kuma ɗauki gida a matsayin ma'aunin ƙidaya.

Duk wani shiri mai kyau da ya biyo baya a kan wannan tubali ya hau. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa da damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, na yara ne daga wata 3 zuwa wata 59. Ma'aikaciya ce ke bayar da na ranar farko a gabanta, ta bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku, ta dawo bayan wata guda. Igiyar awon damtse da ake gane tamowa da ita, wadda jan launinta ke farawa ƙasa da santimita 11.5, an yi ta ne domin ɗan wata 6 zuwa shekara biyar. Abincin gyaɗar nan na leda da ya ceci dubban yara a Maraɗi lokacin yunwar 2005, kafin ya shigo arewacin Nijeriya ta Gombe da Kebbi a 2009, amfaninsa duka shi ne uwa ta karɓa ta tafi gida da ɗanta, ta dawo awo mako-mako, maimakon a kwantar da su a asibiti. Nijar ma da ta ayyana magani kyauta ga yara a 2006, a shekara biyar ta ja layi. Gidan sauro kuwa ana raba shi ne bayan an yi wa gidaje rajista, ɗaya ga mutum biyu. A ƙarƙashin kowanne akwai mace guda da aka dogara da ita ba tare da an rubuta sunanta a kasafin kuɗi ba: ita ke ajiye kati a ƙasan akwati, ita ke jin jikin yaro ya yi zafi da tsakar dare, ita ke zaman layi daga hantsi zuwa azahar.

Da yaro ya haura biyar, sai hukuma ta ɗauka ya koma hannun makarantar boko, ta bi shi can. Maganin tsutsar ciki da na tsargiya ta hannun malaman firamare aka fi raba su. Manufar lafiyar makarantu ta ƙasa, ta 2006, aji da hedimasta ta sani. Shirin ciyar da ɗalibai da aka fara a 2016 na 'yan aji ɗaya zuwa uku ne a firamaren gwamnati. Wato ƙofa biyu ke nan aka yi wa yaro: ta ɗakin uwarsa, da ta ajinsu. Almajiri ya bar ta farko tun yana ƙolo, ta biyun kuma bai taɓa shigarta ba.

Adadin da aka fi ambata na irin waɗannan yara shi ne miliyan 9.5, ƙiyasin hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa na 2010, kuma abin lura ne cewa har yau shi ake ta maimaitawa a taruka kamar yaran ba sa girma, wasu kuma ba sa zuwa. Ko da rabin haka ne, ya fi yawan jama'ar jihohi da dama.

Cututtukan da ke damun almajiri ba baƙi ba ne, kuma yawancinsu maganinsu bai kai kuɗin katin waya ba. A ɗauki ƙazuwa. Wata 'yar mitsitsiyar halitta ce ke haƙa rami a ƙarƙashin fata, tsakanin yatsu da wuyan hannu da kugu, ta hana barci da ƙaiƙayi. Tana bin jiki da jiki, da tabarma da tsumman rufa, saboda haka soron da yara ashirin ke kwana kafaɗa da kafaɗa gonarta ce. Jama'a sun saba ganinta a hannun almajiri har sun ɗauke ta kamar wani ɓangare na kamanninsa, kamar robar da ke hannunsa. Amma susar da yaro ke yi tana buɗe fata, ƙwayoyin cuta su shiga, ƙuraje su yi ruwa, kuma daga irin wannan gyambo ne wasu yara ke samun ciwon ƙoda, fuska da ƙafafu su kumbura. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazuwa cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Abin da ya sa take da muhimmanci a wannan magana shi ne yadda ake maganinta. Idan aka shafa wa yaro ɗaya magani aka mayar da shi soron, kafin wata ya zagayo ta dawo. Sai an yi wa duk masu kwana tare a rana ɗaya, an wanke tufafi da abin shimfiɗa an shanya a rana. Cuta ce da ba ta jin maganin mutum ɗaya, asibitin sha-ka-tafi kuwa mutum ɗaya-ɗaya ya iya gani, wanda ya kawo kansa.

Haka tsargiya. Yaron da ba shi da banɗaki ba shi da famfo, wankansa da wankinsa a kududdufi ne ko rafi ko magudanar noman rani irin ta Kura da Kadawa, inda dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar yake. Ya fara fitsarin jini, abokansa su ce masa girma ne ya zo. Shekaru suna tafiya ƙwan tsutsar na cin mafitsara, wani ya ƙare da toshewar ƙoda, wani da ciwon daji. Maganin ƙwaya ce da ake sha sau ɗaya, ana auna tsawon yaro a jikin sanda a ba shi adadin da ya dace, kuma kyauta ake kawo ta. Abin da ya rage kawai shi ne ko mai rabon ya tsaya a firamare ko ya ƙarasa tsangayar da ke bayanta. Makero a ka, da tsagewar ƙafa da hunturu, da sara ko ƙuna da aka bari ya rube, duk labarinsu ɗaya. Zazzaɓin cizon sauro kuwa, wanda Nijeriya ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya, ya samu yaro mai kwana a waje da damina, ba gidan sauro, ba inda zai ɗaura shi ko da an ba shi.

To idan zazzaɓin ya kwantar da shi, wa zai kai shi asibiti?

Wanda ya fara sani yawanci ɗan'uwansa almajiri ne, wanda zai yi bara ya kawo masa. Wannan ma wani abu ne da mai koshi ba ya tunawa: ga yaron da abincinsa ke ƙafarsa, kwanciya ciwo na nufin kwana da yunwa. Daga nan sai gardi, sai malam. Malam zai yi masa tofi ko rubutun sha, in akwai ɗan canji a aika kemis. Mai kemis shi ne likitan almajiri na haƙiƙa, domin ba ya tambayar kati, ba ya tambayar uba, kuma yana sayar da magani gwargwadon kuɗin da aka miƙo. Matsalar ke nan. Maganin zazzaɓi na kwana uku ne, safe da yamma, amma kuɗin hannun yaron na ƙwaya biyu ne. Ya sha, jiki ya yi sanyi, ya tashi ya koma bara, ƙwayar cutar na nan a jininsa.

In ciwo ya ci tura aka kai ga asibiti, akan tarar da shingen da babu wanda ya gina shi da gangan. Ma'aikaciyar jinya ta dubi yaro ɗan shekara goma da wani ɗan shekara goma sha huɗu ya riƙo, ta ce, "Ɗan malam, wa ya kawo ka? Ina babanka?" Tambaya ce ta gaskiya. Tana buƙatar wanda zai yanki kati, wanda zai sayo ruwan da za a ƙara, wanda zai sa hannu idan sai an ƙara jini, wanda zai kwana da shi, domin a asibitocin gwamnati mai jinya ne ke ciyarwa da wankewa da zuwa ɗakin gwaji. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba majinyacin gaggawa bisa kowane dalili, amma doka ba ta zaman jinya. Malam mai almajirai sittin ba zai bar hamsin da tara ya tare a Asibitin Hasiya Bayero ba. Abin da ya fi sauƙi, kuma shi aka fi yi, shi ne a nemo kuɗin mota a sa yaron a mayar da shi ƙauyensu, inda asibitin ya fi nisa, magani ya fi wuya. Abin da ya same shi a can ba ya shiga lissafin kowa.

Akwai mata biyu da ke toshe wannan giɓi ba tare da an san da su ba. Ta farko matar malam, wadda sau da yawa ita ke dama wa marar lafiya koko, ta dafa ruwan zafi ta gasa masa jiki. Ta biyu uwar ɗaki, matar gidan da almajiri ke yi wa aike da ɗiban ruwa da zubar da shara, ita kuma ta ajiye masa abinci, ta ba shi sabulu, ranar sallah ta ɗinka masa riga. Mai bincike Hannah Hoechner, wadda ta yi shekaru tana aiki da almajirai a Kano ta kuma fitar da littafi a kansu a 2018, ta nuna yadda wannan dangantaka ke ɗaukar nauyin rayuwar yaran, da kuma yadda take iya zama ta ci da gumi, a yi ta aikin yaro a sallame shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Almajiran da suka yi fim ɗin Duniya Juyi Juyi tare da ita sun nuna fuskokin biyu. Duk da haka, a mafi yawan unguwanni uwar ɗaki ce kaɗai babbar da za ta lura cewa yau kwana biyu yaron bai zo ba, ta aika a dubo. A Senegal, inda ake kiran tsangaya dara, irin waɗannan mata sun haɗu ƙungiya-ƙungiya da sunan ndeyu dara, wato iyayen tsangaya, kowace ta ɗauki yaro ko biyu ta riƙa kula da cinsa da wankinsa da lafiyarsa. A ƙasar Hausa al'adar na nan daram, tsari ne kawai ba a yi mata ba, kuma babu asibitin da ya san da matsayin uwar ɗaki.

Ta fuskar kuɗi, a takarda an yi tanadi. Dokar 2014 ɗin nan ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da burin a samu asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ƙara da asusun masu rauni, ta lissafa 'yan ƙasa da shekara biyar, da masu ciki, da tsofaffi, da masu naƙasa, da matalauta. Almajiri na iya shiga ta ƙofar ƙarshe, in an shigar da shi. Amma rajista na neman lambar shaidar ɗan ƙasa, yaron da bai kai shekara 16 ba kuwa ba ya samun lambar sai da ta mahaifi ko mai riƙonsa. Mahaifin yana ƙauye. Takardar haihuwa babu. Kuma gurbin kowace mazaɓa ƙayyadadde ne, masu rabon sun san 'yan unguwa waɗanda iyayensu ke jefa ƙuri'a a nan. Yaron da ya zo daga wata jiha, ko daga ƙetaren iyaka, ba ɗan kowa ba ne a wannan lissafi.

Sau biyu a 'yan shekarun nan annoba ta tilasta wa hukuma ta tuna da yaran soro. Na farko a 2020, lokacin korona, da gwamnonin Arewa suka yanke shawarar kowa ya mayar da almajirai jihohinsu na asali. Aka loda yara a manyan motoci, cunkus, a daidai lokacin da ake gaya wa kowa ya nisanci kowa. Kaduna ta ce 65 daga cikin waɗanda aka dawo mata da su daga Kano na ɗauke da cutar, Jigawa ta ce 91. Ga da yawa cikin yaran, wannan ne karo na farko da ma'aikacin lafiya na gwamnati ya taɓa jikinsu, kuma ya taɓa su ne a matsayin haɗari ga wasu. Bayan 'yan watanni da yawa cikinsu suka koma inda aka kwaso su.

Na biyu shi ne mashaƙo, wanda ya ɓulla a ƙarshen 2022 ya kuma yi ƙamari a 2023, Kano ce kan gaba da mafi yawan masu kamuwa. Cuta ce da ke shimfiɗa wata fata a maƙogwaro ta toshe numfashi, wuya ya kumbura, dafinta ya taɓa zuciya. Rigakafinta na cikin allurar nan mai haɗe da cuta biyar da ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14. Mafi yawan waɗanda ta kama 'yan ƙasa da shekara 15 ne da ba a yi musu allurar ba. Wato bashi ne na shekaru goma da suka wuce ya zo karɓa. Nijeriya na da yara fiye da miliyan 2 da ba a taɓa yi wa allurar rigakafi ko ɗaya ba, kuma ƙauyukan da suka fi yawan irin waɗannan yara su ne dai ƙauyukan da suka fi tura 'ya'yansu almajiranci. Yaro ya taso da wannan giɓi a jikinsa, ya shigo birni, ya kwanta cikin ashirin irinsa. Dole ta sa aka faɗaɗa rigakafin har zuwa 'yan shekara 14. Abin da hakan ya tabbatar shi ne hukuma ta san hanyar zuwa wurin manyan yara idan ta tsorata, kuma da tsoron ya wuce sai a koma takardar da aka saba.

Ba za a yi adalci ba idan aka ɗora komai a kan hukuma. Uban da ya ɗauki yaro ɗan shekara shida ya miƙa wa malam, ba sabulu, ba bargo, ba lambar wayar da za a same shi, ya shekara bai leƙo ba, ya sauke nauyin da addinin da yake neman wa ɗan ilminsa ya ɗora masa. Malamin da ya karɓi yara fiye da waɗanda idonsa zai iya kaiwa gare su shi ma da nasa. Amma muhawarar a hana almajiranci ko a gyara shi ta girmi yawancin masu yin ta, kuma an mayar da lafiyar yaran wani abu da zai jira sai an gama ta. Makarantun tsangaya na zamani da gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina, tun daga ta Gagi a Sakkwato a 2012, da yawa sun lalace. Kano ta hana bara a titi a Fabrairun 2020. Yaran dai na nan.

Rashin yardar malamai ma ba daga sama ya faɗo ba. A Kano har yau ana tuna 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana cikin gwajin da ya shafi yara 200, 11 suka rasu, shari'ar da ba ta ƙare ba sai da sulhun dala miliyan 75 a 2009. Wannan tabo na cikin abin da ya rura ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003, wanda ba a dawo da shi a Kano ba sai Yulin 2004. Abin da ya gyara lamarin daga baya shi ne shigowar sarakuna, musamman kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya da aka kafa a 2009 ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda ya sa magana ta riƙa saukowa daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Ga alaramma kuwa akwai ƙarin dalili. A saninsa, duk ranar da jami'in gwamnati ya zo da biro yana tambayar sunayen almajirai da garuruwansu, mota ce ke biyo baya. Wanda ke son yi wa tsangaya rajistar lafiya dole ya fara da rantsuwar cewa takardar ba za ta koma hannun masu kame ba, ya kuma cika.

Da yaron ya zama saurayi, buƙatarsa ta canza, ƙofofin kuma suka ƙara raguwa. Wanda bai dace da karatu ba, bai samu sana'a ba, tasha da kasuwa suna jiransa, da sholisho da taramol da kodin, wanda gwamnati ta hana sarrafa maganin tarin da ke ɗauke da shi a Mayun 2018. Wannan bala'i ma bai tsaya kan almajirai ba, 'ya'yan masu hali na ciki tsundum. A Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, wasu da mari a ƙafa, aka kuma samu irinsa a Daura da wasu garuruwa. An yi ta Allah wadai, kuma ya dace. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce me ya sa iyaye da kansu suka kai 'ya'yansu can har suna biya. Amsar ita ce tsakanin gida da asibitin ƙwaƙwalwa irin na Dawanau babu komai. Ma'aikacin sha-ka-tafi ba a horar da shi ya zauna da ɗan shekara goma sha shida mai shaye-shaye ba, balle yaron da wani babba ya ci zarafinsa yana jin kunyar faɗa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta yi maganar kai wannan kulawa cikin al'umma. A mazaɓu har yanzu ba a gan ta ba.

Yara mata ma akwai nasu nau'in. 'Yar aikin da aka kawo daga ƙauye tana da shekara goma sha ɗaya tana cikin gida, amma ba 'yar gidan ba ce, ba ta cikin 'yan ƙasa da biyar, ba ta aji. Almajiri ko ba komai ana ganinsa a titi.

Gyaran da ake buƙata bai kai girman matsalar ba, shi ya sa rashin yin sa ke da ciwo. Ma'aikatan lafiyar al'umma da kwalejojin fasahar lafiya ke yayewa, asalin aikinsu shi ne su ɓatar da mafi yawan lokacinsu cikin unguwa, ƙarancin ma'aikata ne ya zaunar da su a kan tebur. Tsangaya kuwa wuri ne da aka sani, yaran na taruwa a lokutan da aka sani, kuma ranar Alhamis ba karatu, ita ce ranar wanki da aski. Ziyara ɗaya a wata a irin wannan rana, da maganin ƙazuwa na kowa da kowa, da na tsutsa, da abin gwajin zazzaɓi, da allurar da aka tsallake, za ta kai ga yara sittin a zama ɗaya, abin da ba a samu ko a gida goma. Littafi guda a hannun malam mai sunan kowane yaro da garinsu da lambar wayar wani nasa, kwafinsa a sha-ka-tafi na mazaɓar, ya isa ya amsa tambayar ma'aikaciyar jinya. A amince malam ko matarsa ko uwar ɗaki su tsaya a matsayin mai riƙo wajen rajista da sa hannu. Mai kemis, tun da wurinsa za a je ko an so ko an ƙi, gara a koya masa gwaji da alamun da ke nuna a garzaya asibiti. Kuɗin cike giɓi kuwa, hukumar zakka da waƙafi ta Sakkwato ta daɗe tana biya wa marasa ƙarfi kuɗin magani, Kano ma na da tata hukumar tun 2003. Ko iyakar shekara biyar ɗin ba wahayi ba ce: Senegal na ba da maganin damina har ga 'yan ƙasa da shekara 10, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta ƙa'idar ta bar wa kowace ƙasa ta duba yaran da ke cikin haɗari a wurinta.

A Mayun 2023 aka sa hannu kan dokar kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Ilimi ne a sunanta, ƙarƙashin ma'aikatar ilimi take, asibitocin mazaɓu kuwa na hannun jihohi da ƙananan hukumomi, saboda haka haɗa su aikin wanda ya ga dama ne. Lokacin da ya fi dacewa a fara sananne ne ga duk mai unguwa. Bayan an gama girbi, wajen Nuwamba da Disamba, malaman ƙauye ke shigowa birni cirani da sababbin ƙolaye, soraye su cika. Daidai nan ne hunturu ke busar da hanci da maƙogwaro, kakar sanƙarau ta kama, ta ci gaba har zuwa faɗuwar ruwan farko. A Maris 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kare nau'i biyar na ƙwayar cutar, kuma an tsara ta ne ga 'yan shekara 1 zuwa 29.